Labarinmu a Allon Wasu: Yadda Shirye-shiryen Bincike Ke Isowa Kazaure da Babura

Da la'asar sakaliya a Kazaure, rumfar mai cajin waya takan fi teburin mai shayi cika. Wayoyi ne jere a kan katako, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, janareto na ta ruri a baya. A gefe guda mai tura fina-finai ya buɗe kwamfutarsa, samari sun yi masa rumfa da kawunansu. Wannan na son fassarar Indiya, wancan na jiran sabon kashi na fim mai dogon zango.

Cikin abin da ake turawa akwai wani iri da ba a tambayarsa da suna. Sai dai ka ji an ce, "Sa min na 'yan ƙwayar nan," ko "na 'yan bindigar da aka yi hira da su a daji." Gutsure ne na minti uku ko biyar, an yanko shi daga shirin talabijin mai tsawon kusan awa guda. Ba farko ba ƙarshe. Sau da yawa an rufe tambarin tashar da ta yi aikin, wani ya ɗora muryarsa a kai yana bayanin da ya ga dama.

Ta wannan hanya ce akasarin shirye-shiryen bincike na talabijin, wato dokumentari, suke isa Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. 'Yan jarida sun kwashe watanni suna aiki, wani lokaci da kyamara ɓoye a cikin riga da ransu a hannu, amma abin da ke zuwa wayar manomi a Gwiwa shi ne wurin da ya fi tayar da tsigar jiki kawai.

Da a ce a kan wasu mutane can nesa ake yin shirye-shiryen, da da sauƙi. Da yawa daga cikinsu a kanmu ne, wasu ma da sunan jiharmu ta Jigawa a ciki.

Kwalba miliyan uku

A ƙarshen watan Afrilun 2018 sashen bincike na BBC mai suna Africa Eye ya saki wani shiri, Sweet Sweet Codeine, a kan shan maganin tari mai kodin a Najeriya. 'Yar jaridar da ta gabatar da shi, Ruona Meyer, ta faɗa da bakinta cewa ɗan'uwanta ya faɗa wannan masifa, saboda haka ba daga nesa take ba da labari ba.

An ɗauki hoton wasu ma'aikatan kamfanonin magani a ɓoye suna sayar da kwalabe ta bayan fage, babu takardar likita. An shiga wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi cikin Kano, aka nuna samari ɗaure da sarƙa a ƙasa, wasu na ihu, wasu sun yi zuru ba su san inda kansu yake ba.

Washegarin fitowar shirin, ranar 1 ga Mayu, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana shigowa da kuma haɗa maganin tari mai kodin. Cikin kwanaki kaɗan hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci, biyu a Ilori, ɗaya a Legas. A shekarar da ta biyo baya shirin ya shiga jerin masu takarar kyautar Emmy ta duniya.

Ma'aikatar lafiya ta ce dama akwai kwamitin da ke aiki a kan batun tun kafin fitowar shirin, kuma ba ƙarya ta yi ba. Majalisar Dattawa ta yi zama na musamman a Kano a watan Disambar 2017 a kan shaye-shaye. Malamai sun yi ta faɗa a kan mumbari, gidajen rediyo sun yi ta buɗe layi iyaye mata na kira suna kuka. Shekaru aka yi a haka. Amma gani ya kori ji, kuma abin da aka gani a Landan da Abuja a rana ɗaya ya fi ƙarfin a kau da kai.

Akwai wani adadi da shirin ya ɗauko daga Majalisar Dattawa ya yaɗa shi duniya: wai ana shanye kwalbar kodin kimanin miliyan uku kullum a jihohin Kano da Jigawa kaɗai. Tun daga lokacin, da wuya a rubuta wani abu a kan shaye-shaye a Arewa ba a maimaita shi ba.

Ya kamata a tsaya a auna wannan adadi. A wancan lokaci jama'ar jihohin biyu ba su wuce kimanin miliyan ashirin ba. Ke nan kwalba ɗaya ga kowane mutum shida ko bakwai, kowace rana, har da jarirai da tsofaffi a cikin lissafin. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum kimanin miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ne suka sha maganin tari ba don rashin lafiya ba a faɗin Najeriya gaba ɗaya cikin shekara guda. Lissafin biyu ba sa zama inuwa ɗaya.

Wannan ba ya rage girman matsalar. Binciken nan ya ce 'yan Najeriya sama da miliyan goma sha huɗu ne suka yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya a shekara, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Duk wanda ya san abin da ke faruwa a bayan wasu kemis-kemis, ko yadda ake juye kwalba cikin lemo a wajen biki, ba ya buƙatar a rantse masa. Amma adadi idan ya shiga talabijin ya samu gindin zama, kuma Jigawa ta ɗauki wannan tambari ba tare da an zo an ƙirga komai a Roni ko Babura ba.

Bayan an naɗe kayan aiki

Shirin bincike yana ƙarewa ne a daidai inda wahalar iyali take somawa. An hana kodin, kuɗin kwalba ya ninka a kasuwar bayan fage, wanda ba shi da hali ya koma kan abin da ya fi araha: tiramol, da ƙwayoyin barci, da sholisho, da wiwi. Hanin ya zama kamar toshe wa gafiya rami ɗaya.

Sarƙar da aka gani a Ɗorayi kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gidajen mari sun daɗe, kuma iyaye ne ke kai 'ya'yansu da hannunsu, su biya kuɗi, saboda ba su ga wata ƙofa ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani irin wannan gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da ɗari uku, da yawa da tabon duka a jiki. Wata guda bai cika ba aka sake fasa wani a Daura, maƙwabciyar Kazaure, aka fito da mutum sittin da wani abu.

An nuna hotunan a tashoshin duniya. Abin da ba a bi ba shi ne inda waɗannan samari suka koma. Uwar da ta kai ɗanta mari don ya daina sayar da tukwanenta ya sayi ƙwaya, an dawo mata da shi gida, an ce abin da ta yi laifi ne. To daga nan sai ina?

A Kazaure akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na jiha, kuma mutane na zuwa daga nesa. Wannan gata ne da garuruwa da yawa ba su da shi. Amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa ƙwararrunta ba su kai ɗari uku ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan ɗari biyu. Sai a farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Ga kuma tsangwama: iyali da yawa sun gwammace a ce aljanu ne a kan a ce ɗansu ya kwanta a asibitin mahaukata, domin maganar za ta biyo ƙannensa mata ranar da aka zo neman aurensu.

A watan Fabrairun 2025 BBC ta sake fitar da wani bincike, wannan karon a kan wani kamfani a Indiya da ke haɗa sinadarai biyu masu haɗari cikin ƙwaya ɗaya yana turowa Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Ghana. Cikin kwanaki gwamnatin Indiya ta hana haɗawa da fitar da wannan ƙwaya. Nan ma an ga ƙarfin kyamara. Ta iya bin kwali daga tashar jiragen ruwa har zuwa ofishin mai kamfani a wata nahiya, aikin da babu wani ɗan jarida a Dutse da ke da kuɗin yinsa. Abin da ba ta da shi shi ne haƙurin zama shekara biyu da iyali ɗaya a ga ko yaron ya warke.

Daga majigi zuwa memori

Kallon fim don ilimi ba sabon abu ba ne a wajenmu. Tun ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya Bature a Legas, William Sellers, ya fara nuna fim don faɗakarwa a kan annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai don ƙasashen da take mulka. Wani fim da aka ɗauka a ƙasar Ibo, Daybreak in Udi, a kan gina ɗakin haihuwa a ƙauye, har kyautar Oscar ya ci a 1950.

A Arewa kuwa majigi ne. Mota ce ke zuwa garin hakimi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a tayar da inji, gari ya hallara maza da mata da yara. A nuna tsafta, a nuna noman gyaɗa da auduga, a nuna rangadin Sardauna. Dattawa har yanzu suna tuna fim ɗin Baban Larai. Babu shakka farfaganda ce ta hukuma, abin da gwamnati ke so a gani shi ake nunawa.

Amma majigi na da abu biyu da muka rasa. Yana zuwa har inda mutane suke, ba ya jiran su sayi komai. Kuma akwai mai bayani tsaye da lasifika yana fassarawa da Hausa tun daga farko har ƙarshe, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya gani, da safe a tattauna a bakin rijiya.

Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta zo Kaduna a 1962, aka haɗa tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977. Kano ta kafa tata a zamanin Abubakar Rimi, lokacin Kazaure da Babura na cikinta, kafin a ƙirƙiri Jigawa a watan Agustan 1991. A 2014 aka buɗe Arewa24, tashar da ke magana da Hausa dare da rana, wadda ta shigar da batutuwa kamar shaye-shaye da auren dole da siyasar banga cikin wasanni irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Ta nan aka gane cewa mai kallo Bahaushe ba ya gudun magana mai nauyi idan an yi ta da harshensa.

Sai dai talabijin na son wuta, ita kuwa wuta kowa ya san halinta a ƙauyukanmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai gidan kallo ba ya tayar da janareto sai don abin da zai cika benci, wato ƙwallon Turai. A farkon 2025 kuma kuɗin data ya tashi da kimanin rabi. Wanda ke auna data da awo ba zai buɗe shirin minti hamsin a YouTube ba. Zai jira gutsuren da aka turo masa a WhatsApp.

Hanyar da ta ratsa ƙofar gida

Akan ɗauka cewa shiri a kan al'amuran duniya na 'yan boko ne masu dish. A wannan yanki abin ba haka yake ba, domin wasu daga cikin manyan labaran duniya ta kan kwaltarmu suke bi.

A watan Nuwambar 2017 tashar CNN ta nuna hoton da wakiliyarta Nima Elbagir ta ɗauka a Libiya, inda ake gwanjon 'yan Afirka baƙar fata, ana sayar da mutum a kan kimanin dala ɗari huɗu. Duniya ta girgiza, aka yi zanga-zanga a Faransa da wasu ƙasashe, Najeriya ta shiga kwaso 'ya'yanta dubbai da jirgi.

Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙare a hannun masu gwanjon nan ta Kano suka bi, suka tsallaka zuwa Damagaram, daga nan Agadas, sai hamada. Hukumar shige da fice a Jigawa ta sha sanar da tare matasa, akasari 'yan kudu, a hanyoyin Kazaure da Babura ana shirin ƙetarawa da su Nijar. Ɗan acaɓan da ya san hanyar daji, da mai abincin da ta sayar wa baƙin 'yan mata shinkafa a tasha ta ga ba sa jin Hausa kuma ba sa ɗaga kai, sun ga farkon labarin da CNN ta nuna ƙarshensa.

Kuma ba baƙi kaɗai hamada ke ci ba. A watan Oktobar 2013 aka tsinci gawar mutum kimanin casa'in a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu mata ne da ƙananan yara, mafi yawa daga yankin Kance a jihar Damagaram, wanda ke nan tsallaken iyaka. Hausawa ne irinmu, an haɗa aure an haɗa kasuwa.

Haka batun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A tashoshin waje magana ce ta Faransa da Rasha da ECOWAS. A Babura kuwa magana ce ta rufe iyaka wata da watanni, da kuɗin dabbobi da wake, da 'yan'uwan da ba a iya kai musu gaisuwar mutuwa sai ta ɓarauniyar hanya.

Ko shirin nan na dasa katangar itatuwa daga Senigal zuwa Jibuti, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Jigawa na cikin jihohi goma sha ɗaya da ya shafa a Najeriya. An yi masa babban fim a 2019, The Great Green Wall, inda mawaƙiyar Mali Inna Modja ta ratsa ƙasashen Sahel. An nuna shi a manyan bukukuwan fina-finai na duniya. Manomin da rairayi ke binne masa shuka a arewacin Babura, wanda shi ne zai shayar da dashen ko ya bar awaki su cinye, shi ya fi kowa cancantar ya kalla.

Gyara ne ko tonon asiri?

Ba kowa ke murna da waɗannan shirye-shirye ba, kuma masu ƙorafi ba duka ne marasa hujja ba.

Gwamnati ta nuna nata fushin a fili a 2022. A watan Maris tashar Trust TV ta nuna wani shiri a kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma. A watan Yuli BBC ta saki The Bandit Warlords of Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar, Yusuf Anka, ya shiga daji ya yi, ya zauna da jagorori irin su Ado Aleru, ya kuma ji ta bakin mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa. Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce wannan kambama ta'addanci ne. A farkon Agusta hukumar NBC ta ci tarar naira miliyan biyar-biyar a kan Trust TV da kamfanoni uku masu rarraba tashoshi. A 2023, a wata shari'a ta daban, babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara.

Masu goyon bayan gwamnati na cewa ɗan bindiga da aka ba shi allo ya samu abin da yake nema, wato suna da kwarjini. Masu kare 'yan jarida na cewa ba a maganin ciwon da ba a san tushensa ba, kuma shirin ya fito da abin da mutanen Zamfara suka daɗe da sani game da rikicin filaye da 'yan sa-kai da kuɗin fansa. A ganina waɗannan na biyun sun fi gaskiya idan an kalli shirin gaba ɗaya. Amma idan gutsure ne ya iso, saurayi ya ga mutum rataye da bindiga yana magana cikin isa, bai ga uwar da ke kuka minti goma bayan nan ba, to tsoron na farkon ya tabbata. Mai yanka bidiyo ya mayar da bincike talla.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan zurfi a zuciyar Bahaushe. Mu mutane ne da addu'armu ta yau da kullum ita ce Allah ya rufa asiri. Talaka na iya kwana da yunwa ya wanke rigarsa ya fito masallaci kamar ba komai, kuma wannan mutunci ne da yake taƙama da shi. Kyamara kuwa aikinta buɗewa.

Mutane da yawa za su tuna yarinyar nan ta wani ƙauye kusa da Kano, wadda lalura ta hana gaɓoɓinta girma, ƙaninta ke ɗaukarta a cikin roba. Hoton da Sani Maikatanga ya ɗauke ta ya zaga duniya a 2016, masu shirya fim na waje suka zo, aka samu masu taimako har da keken guragu. Ta rasu a ƙarshen wannan shekara tana da shekara goma sha tara. Alherin da hoton ya jawo mata na gaske ne, kuma ta ga wani abu daga cikinsa da idonta.

Amma daga irin wannan ne aka samu yayin da ake ciki yanzu, inda kowane mai waya ke iya shiga ɗakin mara lafiya, ya yaye masa mayafi, ya nuna ciwo, ya rubuta lambar asusu a ƙasa. Wasu don Allah suke yi, kuma rayuka sun tsira ta hanyarsu. Wasu mabiya suke nema. Mara lafiyar da ya ce ya yarda a ɗauke shi, yana cikin halin da ba zai iya cewa a'a ba, kuma ba a gaya masa cewa hoton zai kasance nan bayan ya warke, 'yarsa za ta gan shi ranar da ta girma.

Malamai da dattawa da ke cewa baƙi ba sa zuwa sai don su nuna bara da talauci, su ma suna da abin kamawa. Ƙididdigar hukuma ta 2019 ta sa Jigawa cikin jihohi uku mafiya talauci, da kimanin kashi 87 cikin ɗari. Wanda ya taso daga Legas ko Landan da wannan adadi a kansa, abin da ya dace da adadin zai nema. Ba zai ga masu noman rani a bakin dam ɗin Kazaure ba, ko matar da ke sarrafa gyaɗa a cikin gida tana biya wa 'ya'ya uku makaranta.

Wa zai riƙe kyamarar?

An taɓa gwada wata hanya a Kano. A 2011 wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner, da tallafin cibiyar Goethe, ta haɗa kai da wasu almajirai tara suka yi fim mai suna Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Abin da suka zaɓa su nuna ya bambanta da abin da aka saba gani. Ba su ɓoye yunwa da wulaƙanci ba, amma sun nuna aikatau da suke yi a gidaje, da yadda ake zarginsu da sata ba hujja, da kuma cewa karatu ne ya kawo su kuma suna alfahari da shi. Wanda ke cikin matsala ya san inda take yi masa ciwo fiye da mai leƙowa.

Wannan yanki ba ya rasa masu iya irin wannan aiki. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha wadda ta shafe shekaru tana yaye matasa masu sarrafa kwamfuta. A Babura an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Samarin da ke ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu sun iya haɗa hoto da sauti, wasunsu har da jirgi mara matuƙi suke aiki. Kanawa sun nuna cewa ana iya fassara fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa ya kai kowane ƙauye cikin mako. Wannan ƙwarewa za ta iya ɗaukar shirin Libiya ko na katangar itatuwa, da izinin masu shi, ta kawo shi cikakke.

Cikas ɗin kuɗi ne da tsoro. Bincike na cin watanni, kuma ba ya kawo talla kamar wasan barkwanci. Tashar gwamnati ba za ta binciki wanda ke biyanta albashi ba. Ɗan jaridar BBC yana gama aiki ya hau jirgi, ɗan gari kuwa gobe zai haɗu da dillalin ƙwayar da ya fallasa a sahu ɗaya a masallaci, wataƙila ma surukin yayansa ne. Duk mai kiran matasa su fito su yi bincike, ya fara amsa tambayar wanda zai tsaya musu idan aka zo kama su.

Sai dai ba kowane shiri ne sai an ɓoye kyamara ba. Akwai ci-rani, yadda ƙauyukan Gwiwa da Roni ke zama na mata da tsofaffi da zarar an kai amfani gida, da abin da matan ke yi su riƙe gida wata biyar. Akwai burtalin da ake ta cinyewa da gona, wanda dattawan Fulani da na manoma za su iya nuna iyakarsa ta da da sanda. Akwai wanda ya bar ƙwaya ya kama sana'a kuma yana so ya faɗa da bakinsa. Irin waɗannan ana iya yinsu da yardar mai gari da ta masu labarin, a fara nuna musu kafin kowa, su ce a cire abin da zai zubar musu da mutunci.

Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maradi, mai tsawon kimanin kilomita 280, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, ya biyo ta Ɗambatta da Kazaure ya nufi Daura. Ya ratsa gonaki, ya raba wasu da hanyar da suka saba bi zuwa kasuwa ko maƙabarta, ya kawo wa wasu aikin yi da diyya, wasu kuma na da ƙorafinsu. Ranar da jirgi ya fara tafiya, tashoshi za su zo daga Abuja su ɗauki yanka ƙyalle da jawaban manya. Yadda gonakin suke kafin a shimfiɗa ƙarfe, da sunayen da ake kiran kowace fadama da kowace tsamiya a hanyar, da abin da masu filayen suka yi da kuɗin da aka ba su, wannan sai wanda ke zaune a nan ne zai iya ɗauka, kuma dattawan da suka san amsoshin suna raye a yanzu.